Yadda mata masu ɗinki ke tattalin kayan aiki a ƙauyukan Zamfara

A Dosara da sauran garuruwan da ke kewayen Talata Mafara da Bakura da Maradun a jihar Zamfara, mace mai ɗinki ba ta cika samun shago ba. Ɗakin kwananta shi ne wurin aikinta.

Babban jarinta dai keken ɗinki ne, kuma abubuwa biyu ne ke kashe shi: ƙurar hunturu da danshin damina, musamman a gidajen da ke kusa da madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978.

Don haka ake lulluɓe keken da tsohon zani bayan aiki, a riƙa ɗiga masa mai. Yadin mutane kuwa a adaka ake sa shi, a ɗora ta kan duwatsu saboda gara, domin idan ya lalace mai ɗinkin ce za ta biya.

Sauran kayan ba sa buƙatar kashe ko kwabo. Gwangwanin madara ya isa ma'ajin maɓallai, ƙusoshi a bango su riƙe zare, guntun sabulu ya maye gurbin alli.

Allura ce abin tsoro inda yara ke rarrafe. Mayen ƙarfen tsohuwar rediyo kan tsince duk wadda ta faɗi kan tabarma.

Ƙyallayen da suka rage ma ba shara ba ne. Manya a harhaɗa su a ɗinka zanin gado ko rigar yaro, ƙananan kuma a cusa su cikin matashi a maimakon auduga.