Guntayen Katako: Wanda Za a Mora da Wanda Bai Kamata Ya Shiga Murhu Ba

Katakon da kafintocin garin Mindif suke yanka ba a dajin yankinsu na Mayo-Kani ake samo shi ba. Mafi yawansa, irin su ayus da iroko da sapeli, daga dazuzzukan kudu da gabashin Kamaru yake fitowa. Sai ya iso Ngaoundere, manyan motoci su ɗauko shi su bi ta Garuwa zuwa Maruwa, daga nan a shigo da shi Mindif, tafiyar kusan kilomita 25. Duk wannan hanya kuɗi ne, kuma mai saye ke biya. Saboda haka guntun da ya faɗo daga bakin zarto an riga an biya kuɗinsa, asara ce a bar shi a kusurwa gara ta ci.

Abu na farko ga mai ɗan wurin aiki a gida shi ne ya ware guntayensa kashi biyu. Kashi ɗaya na tsurar katako, wanda ba a shafa masa komai ba. Ɗaya kuma na wanda ya sha fenti, ko banish, ko gam, ko maganin ƙwari, ko baƙin man mota da ake shafawa don korar gara. Filawud da katakon da aka matse daga gari duk a kashi na biyu suke, domin gam ne ya haɗa su. A ɗora su bisa duwatsu ko bulo don kada su taɓa ƙasa, a inuwa, nesa da murhu da wayar lantarki.

Tsurar katako aikinsa da yawa. Guntun falanki mai tsawon taƙi ɗaya da rabi, da gajeru biyu a matsayin ƙafafu, da ƙusa shida, sun isa kujerar tsugunno ta uwargida. A goge bakinta da samfefa don kada sartse ya shiga hannu. Sirara masu tsawo a jera su a yi ƙofar akurkin kaji, ko shingen da zai kare dashen darbejiya da mangwaro daga awaki. Masu faɗi a yi kantar ajiye kwanuka, ko kwamin abincin kaji, ko dandamalin ɗora buhunan masakwa don kada danshi ya kama su. Ƙanana kuwa su zama maratayin tufafi ko matokarar ƙofa.

Garin katako ma yana da nasa aikin. Ɓawon da ake samu wajen shafe falanki shimfiɗa ce mai kyau ga ɗakin kaji, tana shanye danshi. In ta tsufa a kwashe ta da kashin a tara, a riƙa yayyafa ruwa har ta ruɓe, sannan a kai gona. Kada a binne ɗanyen gari a gindin shuka: kafin ya ruɓe yana janye sinadarin da shuka ke rayuwa da shi, sai a ga ganye ya yi rawaya. Haka kuma ana dafa abinci da garin katako. A sami gwangwani babba, a huda gefensa daga ƙasa, a zura sanda ta ramin, a tsayar da wata a tsakiya ta haɗu da ita, a danƙara garin sosai, sannan a zare sandunan a hankali. Idan aka kunna ta ƙasa, wutar za ta bi ramin ta daɗe tana ci. A ƙasar da itacen girki ke tsada, har gwamnati ta farfaɗo da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a 2008, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Haɗarin yana kashi na biyu. Hayaƙin filawud da na katako mai fenti ko baƙin man mota guba ne ga huhu, kuma yana sauka a kan abinci. Tsohon fenti sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Sai a 2017 Kamaru ta kafa doka ta taƙaita dalmar da ke cikin fenti, ma'ana tsofaffin ƙofofi da tagogi da yawa sun riga dokar. Don haka irin wannan katako kada ya shiga murhun tuwo, kada mai tsire ko mai kilishi ya gasa nama da shi, kada a yi banda kifi da shi. Kada kuma a yi muciya ko katakon yanka nama ko abin wasan yara da shi. Ya tsaya a aikin waje, kamar shinge da turaku.

Mai sayen falet, wato katakon da ake ɗora kaya a kai, ya duba tambarin da ke jikinsa. Idan an rubuta HT, da zafi aka kashe ƙwarinsa. Idan MB ne, da maganin feshi aka yi, a nisanta shi daga abinci. Wanda ya sha malalar wani abu da ba a san ko mene ne ba, a bar shi a can ko da kyauta aka bayar.

Shi kansa mai aikin ya kula da ransa. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji na hanci, ita kuwa ƙurar iroko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. A sa takunkumi, a yi yanka a sarari, a yayyafa ruwa kafin shara. A cire tsofaffin ƙusoshi a zuba a gwangwani, domin yara ba takalmi suke yawo ba. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti a ranar a duba maganar allurar rigakafin sarƙe-haƙora.

Magidanta su riƙa tambayar yaran da ke tsinto guntaye daga wurin kafinta me suka kawo, kafin a hura wuta. Kafintoci kuma, don Allah, ku ware masu fenti da gam kafin ku ba da kyauta.