Kafin ka tura binciken kemistiri ga mujalla, sake duba wannan sashen

Ka shafe wata takwas a ɗakin gwaje-gwaje kana tatsar ganyen zogale, ka rubuta takarda, ka tura wa mujalla. Kwana uku edita ya dawo maka da ita, ko masu tantancewa ba su gani ba. Da ciwo, ko? To kafin ka ce wariya aka nuna maka, koma ka karanta inda ka bayyana yadda ka yi gwajin.

Abin da ake tambaya ɗaya ne: idan wani a Jamus ya ɗauki takardar nan, zai iya maimaita aikin ya samu abin da ka samu? "An jiƙa ganyen a metanol" bai isa ba. Giram nawa? Metanol mililita nawa? Awa nawa, a zafi digiri nawa? Ina aka tsinko ganyen, a wane wata? Na damina da na rani ba lallai sinadaransu su zo ɗaya ba. Rubuta sunansa na kimiyya, Moringa oleifera, da lambar samfurin da ka ajiye a ma'ajiyar tsirrai ta jami'a.

Idan sabon sinadari ka ware, sunansa ya bi ƙa'idar IUPAC, ka kuma haɗa sakamakon NMR ɗinsa. Mujallun ACS da na Royal Society of Chemistry suna neman wannan shaida. Gwaji sau ɗaya kuwa, wallahi ba ya gamsar da kowa. Yi sau uku, ka nuna tazarar da ke tsakani.

Turancin fa? Ba wa abokinka na wani sashe ya karanta da ƙarfi, kana zaune da biro. Duk jimlar da ya yi tuntuɓe, ka sake ta.