Shekarar da ƴan makarantar Teksas ta Yamma suka ɗauki kofin Amurka

A ƙasar Amurka, ƙwallon kwando, wanda muka fi sani da basket, ba na manyan ƙungiyoyi masu biyan albashi kaɗai ba ne. Kowace jami'a tana da ƙungiyarta ta ƴan makaranta, da zauren wasanta, da mai horon da take biya. Ana soma wasanni da shigowar sanyi, a yi ta karawa har watan Maris, sa'an nan a tara waɗanda suka fi ƙwazo su yi gasar fid da gwani, inda duk wanda aka kayar sau ɗaya sai ya koma gida. Tun 1939 ake yin wannan gasa. Cikin shekarunta duka, kaɗan ne ake tunawa da su kamar ta 1965 zuwa 1966. Za mu bi wata ƙaramar makaranta da mai horonta daga farkon wannan shekara har ƙarshenta, domin abin da ya faru gare su ya wuce zancen wasa.

Ga mai karatun da bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum biyar ke karawa da mutum biyar. Kwandon yana rataye a tsawon mita 3 da santimita 5. A jami'o'i ana yin minti 20, a huta, a ƙara minti 20. A wancan zamani duk ƙwallon da ya faɗa kwando maki 2 ne, jifar da alƙali ke ba wanda aka yi ma laifi kuwa maki 1. In lokaci ya cika ana kunnen doki, sai a ƙara minti 5.

Makarantar da garinta

El Paso gari ne na hamada, can ƙarshen yammacin jihar Teksas, a bakin kogin da ya raba Amurka da Meksiko. Makarantar da muke zance an kafa ta ne don koyar da aikin haƙar ma'adinai, shi ya sa ake kiran ƴan wasanta Mahaƙa. A lokacin sunanta Kwalejin Teksas ta Yamma. Ba ta da dukiya, ba ta da suna, manyan jaridun gabas ba su kula da ita ba.

Amma tana da abu ɗaya da maƙwabtanta ba su da shi. Tun 1955 ta buɗe ƙofarta ga ɗalibai baƙar fata, a 1956 kuma wani mai suna Charles Brown ya shiga ƙungiyarta ta ƙwallon kwando. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kudancin Amurka na wancan zamani, inda aka raba makarantu da gidajen abinci da masaukai tsakanin farare da baƙaƙe. Sai a 1964 aka kafa dokar ƙasa da ta haramta wannan wariya, a 1965 aka ƙara da dokar kare haƙƙin jefa ƙuri'a. Doka ta sake, amma zukata ba su sake tare da ita ba. A ƙungiyar jami'o'in kudu maso gabas, wadda Kentaki ke cikinta, ba baƙar fata ko ɗaya da ke wasan kwando a 1966. Ko a arewa, masu horo da yawa suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: kada a sa baƙaƙe su yi yawa a fili lokaci ɗaya. Hujjar da ake kawowa ita ce, wai suna da gudu da tsalle, amma ba su da natsuwa da dabarar riƙe wasa sai da farar fata yana jagorantar su.

Mai horo

Don Haskins farar fata ne, haifaffen garin Enid na jihar Oklahoma a 1930. Ya yi wasa ƙarƙashin Henry Iba, malamin da ya yi suna wajen tsananta tsaron gida. Daga nan ya koyar a makarantun sakandare na ƙananan garuruwan Teksas, inda har motar ɗaukar yara ya tuƙa. A 1961 aka kira shi El Paso. Da farko shi da iyalinsa sun zauna a gidan kwanan ƴan wasa, yana lura da shigarsu da fitarsu.

Mutum ne mai zafi da kaushin murya. Horonsa yana da wuya: awoyi ana koyon tsare abokin karawa, ana koyon ƙwace ƙwallon da ya dawo daga kwando, ana maimaitawa har ƙafa ta gaza. Ba ya son ado a wasa, ba ya son jifar ganganci. Tun da yake ba ya iya gasa da manyan jami'o'i wajen jawo fitattun yara, sai ya nemi waɗanda aka tsallake, bai dubi launin fatarsu ba.

Haka ya haɗa mutum 12. Bakwai baƙaƙe ne: Bobby Joe Hill daga yankin Ditiroyit, David Lattin daga Hustan, Orsten Artis da Harry Flournoy daga Gary, garin masana'antun ƙarfe na jihar Indiyana, sai Willie Worsley da Willie Cager da Nevil Shed daga Niyok. Huɗu farare ne, ɗaya kuma, David Palacio, asalinsa Meksiko. Mataimakin mai horo shi ne Moe Iba, ɗan tsohon malaminsa.

Daga Disamba zuwa Maris

Da aka buɗe wasanni a Disamba 1965, ba wanda ya sa su cikin lissafi. Suka ci wasanninsu na farko, aka ce ai da ƙanana suke karawa. Ƙarshen watan sai ga jami'ar Ayowa, wadda ke cikin biyar ɗin farko na ƙasa, ta zo El Paso. Mahaƙa suka lallasa ta da 86 da 68. Daga ranar masu rubuta labarin wasanni suka soma tambayar inda wannan makaranta take.

Watan Fabrairu 1966 ya gwada su. A garin Albukarki, jami'ar Sabuwar Meksiko ta ba su ratar maki 20, jama'ar gari suna ta sowa. Ba su rikice ba. Suka matsa tsaro, suka yi ta rage ratar kaɗan-kaɗan har suka kamo, suka ci a ƙarin lokaci. Wannan shi ne halin ƙungiyar duk shekarar: in jifa ta ƙi, tsaro ba ya ƙi. A wasu garuruwan da suka je sun sha zagi daga ƴan kallo saboda launin fatarsu, amma a fili suka mai da martani.

Sun ci wasa 23 a jere. Na ƙarshe kafin gasar ƙasa, a birnin Siyatil, shi ne aka kayar da su da 74 da 72. Ita ke nan faɗuwarsu ɗaya tak a shekarar, ta kuwa zo a kan kari, don ta tuna masu cewa ba a gama aiki ba.

Ƙungiya 22 suka shiga gasar ta 1966. Mahaƙa suka fara da jami'ar Birnin Oklahoma, suka ci da 89 da 74. Daga nan hanya ta yi tsauri. Sinsinati, wadda ta ɗauki kofi a 1961 da 1962, ba ta faɗi ba sai a ƙarin lokaci, 78 da 76. Washegari suka haɗu da Kansas. A daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokaci na farko, gwanin Kansas Jo Jo White ya yi jifa daga nesa, ƙwallo ya shiga, mutanensa suka tashi da murna. Alƙali ya ce ƙafarsa ta taka layin gefe kafin ya jefa, ya soke makin. Aka shiga ƙarin lokaci na biyu, Mahaƙa suka tsira da maki ɗaya, 81 da 80. Da ƙafar White ta kauce ma layin nan da faɗin yatsa, da labarin ya ƙare a nan.

Ranar 18 ga Maris, a zauren jami'ar Marilan kusa da Washinton, suka kara da Yuta. Jerry Chambers na Yuta ya zuba maki 38, ya sa masu tsaronsa suka yi ta tara laifi. Haskins ya ɗauko Jerry Armstrong, ɗaya daga cikin fararen, ya manna masa shi, ya rage masa kaifi. Aka tashi 85 da 78. Ya kamata a riƙe sunan Armstrong, domin washegari bai taka fili ba, alhali ba don shi ba da wuya a kai washegarin.

Daren 19 ga Maris

Kentaki ce ta ɗaya a ƙasa, sau ɗaya kawai aka kayar da ita a shekarar. Mai horonta Adolph Rupp ya ɗauki kofi sau huɗu, a 1948 da 1949 da 1951 da 1958, bai kuwa taɓa sa baƙar fata a ƙungiyarsa ba. Yaransa na wannan shekara ba dogaye ba ne, ba wanda ya wuce mita 1 da santimita 96 cikin biyar ɗin farko, amma suna da gudu da saitin jifa. Yawancin masana sun ba su kofin tun ba a fara ba.

Haskins ya duba gudun nan nasu ya sake shiri. Ya ajiye dogo ɗaya, ya sa Worsley, gajere mai sauri, kusa da Hill da Artis, ya bar Lattin da Flournoy ƙarƙashin kwando. Biyar ɗin duka baƙaƙe ne. Jami'ar Loyola ta Shikago ta fara wasan ƙarshe na 1963 da baƙaƙe huɗu, amma biyar cif ba a taɓa gani ba a irin wannan dare. Mutum fiye da dubu 14 suna zaure.

Tun da farko Lattin ya yi tsalle ya danƙara ƙwallo cikin kwando bisa kan Pat Riley. Can tsakiyar kashin farko, Hill ya fizge ƙwallo daga hannun Tom Kron ya ruga ya zuba, Kentaki ta sake tahowa, ya sake fizgewa daga hannun Louie Dampier ya zuba. Daga nan Kentaki ba ta ƙara shiga gaba ba. An tafi hutu 34 da 31. Flournoy ya gurɗe gwiwa da wuri, Cager da Shed suka karɓe shi. Su bakwai ɗin nan kaɗai suka yi wasan.

Abin lura shi ne yadda suka ci. Waɗanda aka ce ba su da natsuwa su ne suka lafar da wasan, suka yi ta miƙa ma juna ƙwallo cikin haƙuri, suka hana Kentaki gudun da ta saba. Cikin jifa 34 da alƙali ya ba su, 28 sun shiga. Aka tashi 72 da 65. Hill yana da maki 20, Lattin 16, Artis 15. Gani ya kori ji. Shekara ta ƙare da nasara 28, faɗuwa 1.

Abin da ya biyo baya

El Paso ta tarbe su da dubban mutane, amma daɗin bai daɗe ba. Wasiƙun zagi da barazana suka yi ta zubo ma Haskins, dubbai. Wasu sun zarge shi da ƙasƙantar da farare. Wasu kuma, daga wancan ɓangare, sun ce ya ci gumin yaran ne kawai bai damu da karatunsu ba. A 1968 mujallar Sports Illustrated ta buga jerin sharhi kan halin da baƙaƙen ƴan wasa ke ciki a jami'o'i, ta sa makarantar El Paso cikin waɗanda ta soka. Shi dai Haskins har ƙarshen ransa amsarsa ɗaya ce: ya sa waɗanda suka fi dacewa da wasan daren ne, ba wa'azi ya je yi ba.

Zancen karatu tambaya ce ta gaskiya, domin jami'a da ke cika zaure da gumin ɗalibi tana da hakkin ta ga ya fita da ilimi. Rayuwar yaran ta ba da tata amsa. Worsley da Cager sun zama malamai masu horar da yara, Artis ya yi aikin ɗan sanda mai bincike a Gary, Shed ya yi aiki a wata jami'a ta San Antoniyo, Lattin ya shiga wasan ƙwararru. Hill ya zauna El Paso har rasuwarsa a 2002.

Ƙofofin da ke kulle kuwa suka soma buɗewa. A 1967 Perry Wallace na jami'ar Bandabil ya zama baƙar fata na farko da ya yi wasan kwando a ƙungiyar kudu maso gabas. A 1969 Rupp da kansa ya ɗauki Tom Payne. A wasan ƙarshe na 1984, John Thompson na Jojtawun ya zama baƙar fata na farko da ya ɗauki kofin yana mai horo, a ƙungiyar Hustan da ya kayar kuwa akwai Hakeem Olajuwon, ɗan Legas. Ba daren 19 ga Maris kaɗai ya kawo wannan ba, gwagwarmayar dubban mutane da hukuncin kotuna sun share hanya. Amma daren ya kashe wata hujja a gaban idon jama'a, bayansa ba mai horon da zai sake fakewa da ita ba tare da kunya ba.

A 1967 makarantar ta koma Jami'ar Teksas ta El Paso. Haskins ya zauna nan har ya yi ritaya a 1999 da nasara 719, bai sake kai wa wasan ƙarshe ba, ya rasu a 2008. A 2006 an yi fim kan wannan shekara mai suna Glory Road, a 2007 kuma aka shigar da ƙungiyar gaba ɗayanta, su 12, cikin zauren tunawa da gwanayen ƙwallon kwando da ke Sifiringfil, garin da aka ƙirƙiro wasan a 1891.

Duk wanda aka danƙa ma zaɓen mutane, shugaban makaranta ne ko shugaban ma'aikata, yana da abin dubawa a nan. Haskins bai yi jawabi ba, bai rubuta takarda ba. Ya dubi aikin da ke gabansa, ya ba kowa wurin da ya cancanta, ya kuma ɗauki zagin da ya biyo baya. Biyar ɗin da suka zauna kan benci a daren nan su ma sun ɗauki nasu rabon haƙurin, suka bar ƙungiya ta ci.