Gardamar 'Yan Kallo A Kan Wani Wasan Sinima Na Satar 'Yammata

Ran 20 ga watan Janairu na 2017 aka fara nuna wani wasa mai suna Split a gidajen sinima na ƙasar Amurka. Wasa ne na ban tsoro, labarin wani mai taɓin hankali wanda ya sace 'yammata uku ya kulle su a wani ɗaki cikin ƙasa. Dala miliyan 9 kaɗai aka kashe wajen shirya shi, abin da bai taka kara ya karya ba in an gwada da manyan wasannin Holiwud. Amma kuɗin ƙofa da ya tara a duniya sun kai wajen dala miliyan 278, kuma mako uku a jere ba wasan da ya fi shi kasuwa a Amurka. Duk da haka bakin 'yan kallo bai zo ɗaya ba a kansa. Gardamar da suka yi kuwa ta cancanci malamai da ma'aikata su saurara, gama ta shafi yara da marasa lafiya.

Wanda ya rubuta wasan, ya kuma shirya shi, sunansa M. Night Shyamalan. A Indiya aka haife shi cikin 1970, amma a yankin Filadelfiya ya girma, can kuma ya ɗauki hotunan. Ya taɓa yin wasanni masu cin kuɗi da yawa, kamar After Earth na 2013, waɗanda suka jawo masa zargi. Sai ya koma ƙananan wasanni da kuɗin aljihunsa, har ya jinginar da gidansa ya ci bashin dala miliyan 5 don ya yi The Visit cikin 2015. Daga shi sai wannan da muke zance.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. An tashi daga liyafar wata yarinya, Claire, ita da ƙawarta Marcia da wata 'yar ajinsu, Casey, wadda aka gayyato don tausayi kawai, gama ba ta da abokai. Suna cikin mota suna jiran uban Claire, sai wani baƙo ya shigo ya fesa musu maganin barci. Da suka farka sai suka gan su a kulle. Wanda ya sace su, watau Kevin, mutum 23 ne cikin jiki guda. Wani lokaci ya shigo musu yana Dennis mai tsananin tsabta, wani lokaci yana Patricia cikin tufafin mata, wani lokaci kuwa yana Hedwig, yaro ɗan shekara 9. Bahaushe in ya gani zai ce iskoki ne suka hau shi. Likitoci kuwa suna da sunan da suke kiran cutar, wadda za mu iya ce wa rarrabuwar hali. Waɗannan ukun suna jiran fitowar na 24, wanda suke kira Dabba, 'yammatan kuwa abincinsa aka tanada.

Kashi na farko na 'yan kallo su ne waɗanda wasan ya ƙayatar. Akwai wani kamfani, CinemaScore, mai tsayawa a ƙofar sinima daren farko yana tambayar masu fitowa, yana ba da maki kamar na jarrabawa daga A zuwa F. Makin da suka ba wannan wasa B+ ne, abin da ba kasafai wasan ban tsoro kan samu ba. Mafi yawan yabo ya tafi ga James McAvoy, mutumin Sikotilan, wanda ya fito a Kevin. Da murya da tsayuwa da motsin ido kawai yakan sake daga namiji zuwa mace, daga babba zuwa yaro, har mai kallo ya gane wanda ya shigo tun bai buɗe baki ba. Waɗannan suka ce ƙarancin kuɗin ma ya taimaka. Da yake ba halin rushe gidaje da ƙona motoci, tilas aka dogara ga ɗaki ɗaya da ƙofa ɗaya da fuskar mutum, mai kallo kuwa ya ji kamar da shi aka kulle.

Kashi na biyu sun yarda da farkon wasan, amma suka ce ƙarshensa ya ɓata rawarsa da tsalle. Da Dabba ya fito sai ga shi yana hawan bango da hannu, yana lanƙwasa sandunan ƙarfe, harsashi ba ya kā da shi. A ganinsu nan labari ya bar abin da ke iya faruwa ya koma tatsuniya, tsoro kuwa ya ragu. Sa'an nan a minti na ƙarshe sai ga Bruce Willis, wanda ya nuna ashe wasan ɗan'uwan Unbreakable ne na shekarar 2000. Waɗanda suka san tsohon suka yi murna ƙwarai, waɗanda ba su san shi ba suka fita suna tambayar juna ko wane ne wannan.

Kashi na uku su ne masu magana mai nauyi, watau masu fama da wannan cuta da likitocinsu. Wata ƙungiya ta masana cutar daga ƙasashe dabam dabam ta fitar da takarda ta nuna damuwarta. Hujjarsu ita ce cutar tana da wuyar ganewa, mutane da yawa ba su taɓa jin labarinta ba sai a sinima, ga shi kuwa sinima ta nuna mai ita yana satar mutane yana cin namansu. Likitocin da ke duba irin waɗannan marasa lafiya sun ce galibi azabar da aka yi musu tun suna ƙanana ita ce asalin ciwon, kuma sun fi cutar da kansu bisa ga su cuci wani. Masu kare wasan suka amsa cewa ai labari ne, kuma ya nuna Kevin abin tausayi, tun da uwarsa ce ta azabtar da shi yana yaro. Amma fa abin da ɗan kallo kan tafi da shi gida shi ne siffar da ta fi razana shi, Dabba kuwa ya fi Kevin zama a rai.

A nan ina ganin kashi na uku sun fi gaskiya. Mu da aka sace wa 'yan makaranta 276 a Chibok cikin 2014, da fiye da 300 a Ƙanƙara cikin 2020, mun sani masu satar mutane da hankalinsu suke yi, da shiri da makamai. Mai taɓin hankali kuwa shi ne wanda yara ke bi da jifa a bakin kasuwa. Wasan da zai ƙara wa jama'a tsoronsa ya ƙara masa wahala ke nan.

Sai dai akwai wani abu cikin wasan wanda hayaniyar Dabba ta danne, shi ne kuwa ya fi shafar malamai. Cikin 'yammatan uku Casey kaɗai ta tsira. Sannu a hankali ake nuna wa mai kallo dalilin shirunta. Tun tana ƙarama baffanta ya fara lalata da ita, da ubanta ya mutu kuma riƙonta ya koma hannun baffan nan. Da bakinta ta faɗa cewa da gangan takan yi laifi a makaranta don a tsare ta bayan an tashi, ta sami wurin da za ta zauna ita kaɗai. Malamanta sun hore ta ba iyaka, 'yan ajinta sun ɗauke ta mai baƙin hali, wasan kuwa bai nuna ko ɗaya da ya tambaye ta abin da ke damunta ba. Dabba ne ya fara ganin tabon da ke jikinta, ya ƙyale ta, domin a ganinsa wanda ya sha wuya tsarkakakke ne. Waɗansu 'yan kallo sun ƙi wannan ƙwarai, suka ce bai kamata a nuna zalunci kamar wata baiwa ce da ke ceton mutum ba. Lalle suna da hujja.

Da aka fito da ita daga ƙarƙashin gidan namun daji na Filadelfiya, inda ashe nan aka ɓoye su, tana zaune cikin motar 'yan sanda sai wata 'yar sanda ta zo ta ce mata baffanta ya zo ɗaukarta. Yarinya ta dube ta, ba ta ce kome ba. Sai cikin Glass, wanda ya biyo baya a 2019, aka ji cewa baffan yana kurkuku. To, mai karatu, ka ga mai hawan bango ƙirƙira ce ta marubuci, amma irin baffan nan ba ƙasar da ba shi. In aka ɓata dare ana gardamar Dabba aka manta da shi, an bar jaki ana dukan taiki.

Saboda haka ga shawara ga 'yan'uwa malamai. Wasan nan ba na yara ba ne, kada a bari ƙanana su kalla. In kuwa manyan ɗalibai sun riga sun gani, kamar yadda yake da sauƙi yanzu ta wayar hannu, a zauna da su a rarrabe musu abin da ke ciwo na gaskiya da abin da ke ƙarin gishiri. Sa'an nan kowane malami ya dubi rajistar ajinsa. Yaron da kullum sunansa ke cikin littafin horo, da yarinyar da ba ta ɗokin komawa gida in an kaɗa ƙararrawa, kafin a ɗauko bulala a kira su gefe a tambaye su cikin natsuwa, in an ji abin da ya fi ƙarfin malami a kai wa hedimasta da hukuma.