Tsoron Salula Ya Wuce A Kasuwannin Gure, Saura Tsoron Sa Kuɗi A Cikinta

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwannin yankin Gure, daga Gidigir zuwa Subdu har Kelle, zai iya tuna lokacin da farashin hatsi a Damagaram yake labari ne da sai direban mota ya kawo shi. Tsakanin Gure da Damagaram akwai tafiyar kimanin kilomita 160 a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, saboda haka ɗan kasuwa yakan loda kanwa ko dabino ne da fatan alheri kawai. In ya isa ya tarar kasuwa ta faɗi, ko dai ya sayar da asara, ko ya sake biyan kuɗin mota ya komo da kayansa.

Da wayar salula ta fara shigowa Nijar a shekarar 2001, ba kowa ne ya yi maraba da ita ba. Wasu sun ce kayan ƴan lakwal ne da ma'aikatan gwamnati, wasu sun ce rijiya ce mai cin kuɗi, wasu magidanta kuma ko kusa ba su yarda matansu su riƙe ta ba. To amma me ya biyo baya? Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma amfanin ya fi fitowa a kasuwannin da ke nesa, inda kuɗin sufuri yake da tsada. Yau kuwa, wace mai sayar da kayan miya ce za ta tashi zuwa sari ba ta buga waya ta ji yadda kasuwa ta kwana ba?

Abin da ya rage shi ne maganar kuɗi. Har gobe akwai ƴan kasuwa da yawa, musamman iyayenmu mata, waɗanda hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ji kuɗinsu a ƙulle a bakin zane ko a ƙasan adaka. In ka yi masu maganar Airtel Money ko aikawa ta Nita ko Al Izza, amsar ɗaya ce: ban yi karatu ba, kuma kuɗin da ban gani da idona ba ina zan kama shi?

Gaskiya wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma bai kamata yaran zamani su riƙa yi wa masu shi dariya ba. Akwai ƴan damfara masu turo saƙon ƙarya cewa sun yi kuskuren aiko maka kuɗi, ka mayar masu. Akwai ranar da layi zai ɗauke ana tsakiyar ciniki, ko a rasa wutar cajin waya. Ga kuma ladan aikawa da na cirewa, wanda ga mai ribar dala ashirin a kan tiya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai fa kuɗin hannu ma ba su da tabbas kamar yadda ake zato, kuma mutanen yankinmu da ke hulɗa da kasuwannin Najeriya sun gani da idonsu. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin a farkon 2023. Wanda ya fi shiga uku a lokacin shi ne mai tarin tsofaffin takardu a gida ba shi da asusu a ko'ina, ga shi a wannan ɓangaren iyaka. Daga baya Kotun Ƙoli ta Najeriya ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin, amma kafin nan ciniki ya riga ya tsaya na makonni. Dattawa kuma ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi a kan kuɗin Faransa. Wannan kam ko a adaka ko a banki duk ya same su. Ban da ɓarawon tasha, da gobara, da gara.

Ita kuwa maganar rashin karatu, an riga an gwada ta a ƙasar nan. A lokacin ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba tallafin kuɗi na wata biyar a ƙauyukan jihar Tawa, akasari ga mata. Wasu an ba su a hannu, wasu an turo masu ta Zap, tsarin aika kuɗi na kamfanin Zain wanda daga baya ya koma Airtel. Yawancin matan ba su taɓa shiga aji ba. Duk da haka sun karɓi kuɗinsu, kuma binciken da aka yi ya nuna gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, domin matan ba su ɓata lokaci wajen doguwar tafiya da jiran layi ba, sannan kuɗin sukan iso ba tare da duk gari ya sani ba. Wannan na ƙarshe, duk macen da ta taɓa dawowa daga kasuwa ta tarar masu neman rance sun riga ta zuwa gida ta san darajarsa.

Kada kuma a manta cewa matan Nijar ba baƙin sabon abu ba ne. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a yankin Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, ya ɗauki adashin da aka saba ne ya ƙara masa akwati mai makulli, da taron mako-mako, da ba da rance a tsakanin ƴan ƙungiya. Daga nan ƙasashen Afirka da dama suka kwaikwaya. Waɗanda suka fara zuba kuɗinsu a wannan akwati su ma ba su taɓa ganin irinsa ba.

A ganina babu wanda ya ce mace ta kwashe jarinta kaf ta zuba a waya rana ɗaya. Da sannu ake shiga ruwan da ba a san zurfinsa ba. A fara da jika biyu, wato dala 400. Ki aika wa ɗanki ko ƙanwarki da ke Damagaram, ki buga waya ki ji sun isa, ki tambayi nawa aka cire na lada, domin ki san ko hanyar za ta biya ki a sana'arki. In ladan ya fi kuɗin mota da wahalar hanya, ki bar shi, babu dole. Lambar sirri kuwa, ko wakilin da ke shagon bai kamata ya san ta ba, balle wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Idan mai saye ya nuna miki saƙo ya ce ya turo, kada kaya su bar gabanki sai kin duba a taki wayar, ko kin sa yaron da kika amince da shi ya duba miki adadin da ke ciki.