Gaskiya da Amana a Tsarin Mulki: Waiwaye Kan Rubuce-rubucen Masu Jihadi

Manufar wannan maƙala ita ce a duba matsayin gaskiya da amana a tunanin Bahaushe game da mulki, musamman yadda shugabannin jihadin 1804 suka fayyace su.

Da farko ya kamata a bambance kalmomin biyu. Gaskiya ta shafi furuci da hali, watau maganar mutum ta dace da abin da ya auku. Amana kuwa ta shafi abin da aka danƙa wa mutum ya tsare, ko dukiya ce, ko asiri, ko jama'a. Shi ya sa Bahaushe yakan ce an "faɗi" gaskiya, amma amana "riƙe" ta ake yi, ko a "ci" ta. A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya sanya su duka biyu cikin halaye goma da ake auna mutum da su, tare da adalci da mutunci da kunya da sauransu. Ke nan Bahaushe bai ware wa mai mulki wani ma'auni na daban ba, sai dai amanar da ke wuyansa ta fi nauyi.

A littafinsa Kitab al-Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jero ɗabi'un da ya ƙi a mulkin sarakunan Haɓe, ya kuma ambaci wasu da sunayensu na Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne kalmar gaisuwa. Asalinta ladabi ne, amma aka lulluɓe kyautar da talaka yake kai wa mai iko da ita, domin a saurare shi. Wannan ya nuna cewa cin amana kan ɓuya a bayan kalma mai kyau. Haka ma ake ce da rashawa "goro" ko "na shan ruwa".

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo shi ne ya ga matsalar a cikin gida. A wajen 1807 ya bar rundunar jihadi da nufin tafiya gabas, saboda ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga neman sarauta da tara dukiya. Da ya iso Kano, mutanen birnin suka nemi ya rubuta musu ƙa'idojin mulki, ya rubuta Diya'ul Hukkam. Darasin a nan shi ne, kawar da azzalumi bai isa ba in wanda ya gaje shi ba shi da dokar da za ta taka masa birki.

Shi kuma Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya kafa ginshiƙai bakwai. Daga ciki akwai sa ido kan ma'aikata, da kula da masu sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi. Saboda haka aikin hukuma bai tsaya ga hana ɓarna ba, ya haɗa da samar wa jama'a hanyar cin abinci ta halal. Bugu da ƙari, Bello ya nuna cewa halin shugabanni yana bin halin mabiyansu. Karin magana ya riga ya faɗa: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan tunani bai tsaya a ƙarni na 19 ba. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa sun soki hukumomin En'e da irin wannan ma'auni, suna masu tuna wa sarakuna abin da kakanninsu suka rubuta.

Daga abin da ya gabata za a ga cewa magabata sun ɗora amana a kan sassa uku: mai mulki, da dokar da ke iyakance shi, da talakan da ke miƙa gaisuwa ko ya ƙi miƙawa. Malamin da ke koyar da waɗannan kalmomi a aji yana da alhakin nuna wa ɗalibai inda gaisuwa ta ƙare, cin hanci ya fara.