Sankarar Mama Tana Kama Maza Ma

Idan likita ya ce wa dattijo daga Dingyadi yana da sankarar mama, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ni, namiji?" Wannan mamakin ne yake cinye watanni, wani lokaci shekaru, kafin a je asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maza ba su wuce kashi 1 cikin 100 na masu wannan cuta ba. Ƙarancin nasu ne ya sa ba mai tunaninta, har sai ta yi nisa.

Yadda take yin nisan ma ya bambanta. Mace tana da nama da kitse a ƙirji, inda ƙullutu zai daɗe yana girma bai taɓa fata ba. Shi namiji ɗan abin da yake da shi yana ƙarƙashin kan nono ne kawai. Don haka ƙullutun da bai kai goro ba zai iya kama fata daga sama, ya manne wa tsokar ƙirji daga ƙasa. Sai kan nono ya lotsa ciki ko ya riƙa tsattsafo da jini, kaluluwa ta fito a hammata, daga baya fatar ta fashe ta zama gyambon da ya ƙi warkewa. Yawanci gefe ɗaya ne, da tauri, kuma ba ya zafi da farko. A nan ake kuskuren ɗaukarsa maruru, a kira wanzami ya yi sakiya. Kada a yi. Yankan ba ya fitar da cutar, ƙofar gyambo kawai yake buɗewa.

Galibi tana kama maza ne a shekarun da suka fi na mata, wato dattawa. Shi ya sa idan ta bazu zuwa ƙashi, huhu ko hanta, sai a ɗora ciwon bayan a kan noma da tsufa, tarin kuma a ce sanyi ne.

Sai dai akwai inda namiji ya yi sa'a. Kusan 9 cikin 10 na sankarar mama a maza da sinadarin istirojin take rayuwa, fiye da yadda ake gani a mata. Nau'in nan mai taurin kai da ba ya jin maganin da ke danne istirojin, wanda ya yawaita a tsakanin matan Afirka ta Yamma, da wuya a same shi a namiji. Ke nan ko cutar ta bazu, ƙwayar tamoksifen da ake sha kullum takan danne ta, mutum ya ci gaba da harkokinsa, ko da ba a ce ya warke ba.

Amma kada wani ya ga 'yar'uwarsa tana shan letirozol ya sayo a kemis. An yi shi ne don matan da suka daina al'ada. A jikin namiji ba ya wadatarwa shi kaɗai, domin maraina na ci gaba da samar da sinadarin, sai an haɗa da allurar da ke dakatar da aikinsu. Shi kansa tamoksifen yana rage wa wasu sha'awa, ya sa su zufa, kuma nan ne maza da yawa suke ajiye shi shiru don kunya. A ganina wannan shirun ya fi illar maganin haɗari. A faɗa wa likita, ai ya ji abin da ya fi wannan.

Wanda ya ga alama ya fara da babban asibitin Bodinga, ya nemi a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake ɗibar ɗan nama a gwada, akwai kuma sashen masu sankara. Idan ta tabbata, ya sanar da 'ya'yansa da 'yan'uwansa, mata da maza, domin a wasu gidajen gado ce ta hanyar ƙwayar halittar BRCA2, kuma uba na iya ba wa 'yarsa.